Yadda na haɗa kwamfutar tace bidiyo a Kano, daga lissafin memori har zuwa batun wuta

Sana'ata ɗaukar bidiyon biki da tace shi, wani lokaci kuma tallan 'yan kasuwa. Shekara da shekaru laftof ɗina tana ɗaukar aikin 1080, wato bidiyon HD, ba gardama, amma daga ranar da muka fara ɗauka da kyamarar 4K, mai hoton da ya fi shi yawan ɗigo, sai ta soma gazawa. Hoto ya riƙa tsayawa yana tsalle, fanka tana kuka kamar za ta fita, fitar da aikin awa ɗaya kuma sai ta kwana tana yi, in an ɗauke wuta batir ya ƙare a sake daga farko. Ga dangin amarya suna bugo waya safe da yamma. A 2024 na tattara abin da na tara, kusan naira miliyan biyu, na ce zan haɗa injin da zai riƙe ni. Na rubuta wannan ne saboda na ga irin ruɗanin da ke cikin lamarin: kowa ka tambaya amsarsa daban, kuma kusan kowa tambayar da yake fara yi maka ita ce Core i nawa kake so, wato wace firosesa, ƙwaƙwalwar kwamfuta, alhali ba daga nan ake farawa ba.

Kafin in taka kasuwa na je Zoo Road wajen wani babba a harkar, wanda ya fara tace fim tun zamanin kaset. Na gaishe shi, na ce, "Oga, kwamfuta nake son saya, wacce za ka ba ni shawara?" Ya ce, "Ƙanina, ajiye maganar kwamfuta tukuna. Ina memorin kyamararka?" Ya zura shi a injinsa, ya buɗe fayil ɗaya ya nuna mini bayanansa, sannan ya ɗauko biro ya yi mini lissafi a bayan wani tsohon rasit. Kyamarar da muke aiki da ita Sony A7 III ce, tana ɗaukar 4K a megabit 100 cikin daƙiƙa. Ya ce in raba da takwas, ya ba da megabayit 12.5 a daƙiƙa, wato GB 45 a kowace awa. Kyamara ta biyu da muke bari a 1080 tana ɗauka a megabit 50, wato GB 22.5 a awa. Ya tambaye ni awa nawa muke ɗauka a biki guda, in an haɗa kamu da ɗaurin aure da yini da dina. Na ce kowace kyamara ba ta kasa awa goma. Ya rubuta 450, ya rubuta 225, ya ja layi, 675. Ya ce, "Wannan ɗanyen hoto ne kawai na biki ɗaya. Ba a sa na jirgi mara matuƙi ba, ba a sa sauti ba, ba a sa tarkacen da manhaja ke tarawa tana aiki ba. Ka ɗauka terabayit guda." Jikina ya yi sanyi, domin a kasafin da na yi a raina had-dis ɗaya na TB 2 na sa, kuma a ganina na yi ƙoƙari.

Abu na biyu da ya warware mini shi ne dalilin tsayawar hoto. Da yawa muna ɗora laifin a kan had-dis, amma megabayit 12.5 a daƙiƙa ba komai ba ne, had-dis mai juyawa na yau da kullum yana karanta fiye da 100. Matsalar tana cikin yadda kyamara ke matse hoton. Tsarin H.264 da ƙaninsa H.265 ba sa ajiye kowane hoto cikakke. Sukan ajiye ɗaya cikakke, sai na bayansa su rubuta abin da ya canja kawai. To duk sanda ka ja aiki gaba ko baya, dole kwamfuta ta koma kan cikakken hoton ta sake gina na tsakani kafin ta nuna maka inda ka tsaya. Ga shi 4K, wato 3840 a 2160, ya ninka 1920 a 1080 sau huɗu a yawan ɗigon hoto. Wannan nauyi a wuyan firosesa da katin hoto yake. Inda had-dis ke gazawa shi ne in ka jera kyamara biyu ko uku a lokaci guda, allurarsa tana tsalle daga wannan fayil zuwa wancan. Ya ce in dubi tela: yadin da yake ɗinkawa yau yana kan tebur a gabansa, sauran dilar tana sito. SSD, wato ma'ajiya mai sauri da ba ta da faifai mai juyawa, shi ne teburin, had-dis shi ne siton, kuma wanda ya haɗa su wuri ɗaya zai wahala.

Manhaja ba ta ɗauke ni lokaci ba. DaVinci Resolve tana da ta kyauta mai fitar da aiki har 4K, ta kuɗinta kuma dala 295 ce biya ɗaya, sai dai tana son katin hoto mai ƙarfi. Premiere Pro kuwa biyan wata-wata ce, kuma a lokacin yawancin katunan naira ba sa biyan dala a intanet. Duk da haka na tsaya a Premiere saboda waɗanda muke musayar aiki da su a kanta suke. Kamfanin Adobe da kansa ya ba da shawarar RAM, wato wurin da kwamfuta ke riƙe abin da take aiki a kai a lokacin, na GB 16 ga mai aikin HD, GB 32 ga mai 4K, don haka na rubuta 32 ban ƙara tambayar kowa ba.

Da takardar nan a aljihu na shiga Beirut Road. Na riƙe memori guda mai ɗanyen hoton wani biki, da filas mai 'yan ƙananan manhajojin gwaji, kamar yadda ogan ya umarce ni. Shawarar farko da na yanke ita ce barin laftof. Tana da daɗi saboda batir da sauƙin ɗauka, amma a kuɗi ɗaya ta tebur ta fi ƙarfi, ta fi jure zafi, kuma ana iya ƙara mata kaya a hankali. A shaguna da dama an nuna mini manyan injinan ofis na hannu da ake shigowa da su daga Turai da Amurka, musamman HP Z440. Inji ne mai ƙwari ƙwarai, gidansa kaɗai ya isa ka san an ƙera shi don aiki, kuɗinsa kuma bai kai rabin na sabo ba. Zuciyata ta kwanta da shi. Na roƙi mai shagon ya bari in gwada, ya ce, "Yallaɓai, bismillah, gani ya kori ji." Hoton 1080 ya tafi sumul. Da na jera 4K da 1080 tare na sa gyaran kala a kai, sai ya fara cijewa. Injin na wajajen 2014 ne, firosesarsa Xeon E5 ba ta da sashen nan na Intel mai suna Quick Sync da ke warware matsattsen bidiyo, kuma ba ta cikin jerin waɗanda Windows 11 ta amince da su, ga shi an riga an sanar cewa tallafin Windows 10 zai ƙare a Oktoban 2025. Wanda aikinsa bai wuce 1080 ba kuma aljihunsa bai da nauyi, har yanzu ina ganin wannan inji zai yi masa, in ya sa masa SSD da katin hoto mai kyau. Ni dai na yi godiya na fita.

Daga nan na koma haɗa sabo gunduwa-gunduwa. Na tsaya a kan Core i5-12400, mai ƙwaya shida, da madabod B660, wato babban faifan da ake jona duk kayan a kai, mai ɗaukar RAM nau'in DDR4, saboda DDR5 ta fi tsada kuma bambancin a aikina bai kai kuɗin ba. A nan akwai wani abu da nake so kowa ya lura da shi. An kawo mini 12400F, aka ce duk ɗaya ne kuma ta fi araha, tunda ai zan sa katin hoto daban. Harafin F ɗin nan yana nufin babu sashen hoto a cikin firosesar, babu shi kuwa babu Quick Sync. Ga mai wasan gem ba asara, ga mai tace bidiyo asara ce babba. Kyamarori irin su Canon R6 suna ɗaukar H.265 mai 10-bit 4:2:2, wanda katunan NVIDIA jerin RTX 30 ba sa warwarewa da kansu, amma sashen hoton Intel daga ƙarni na 11 zuwa sama yana yi. Mai ɗaukar biki kuwa bai san irin kyamarar da abokin aiki zai zo da ita gobe ba. Katin hoto na zaɓi RTX 3060 mai GB 12, domin a tace bidiyo yawan ma'ajiyar katin yana da tasiri, musamman in wata rana na koma DaVinci.

Ba duka kayan ke akwai a Kano a lokacin ba. Katin hoton da madabod sai da mai shagon ya yi oda daga Computer Village ta Ikeja a Legas. Nan ne hankalina ya fi tashi. Tun da aka saki naira a Yunin 2023 farashi ya daina zama wuri ɗaya, dala ta haura naira 1,500 a farkon 2024, kuɗin da aka faɗa maka da safe ba lallai ya kai la'asar ba. Mai shagon ya ce sai na biya kuɗin kayan odar gaba ɗaya kafin ya saya. Na yarda, amma da sharaɗin ya rubuta mini a rasit mai hatimin shago cikakken sunan kowane kaya da lambar samfurinsa, da kalmar "sabo a kwali", da tsawon garanti, da abin da za a yi in kaya ya iso da matsala. Na biya ta banki don ya zama akwai shaida, na ajiye hoton transfa ɗin. Bai ji haushi ba, ya ma ce da kowa zai yi haka da rigima ta ragu a kasuwa. Aka sako kayan a motar dare mai sauka Sabon Gari. Kwanakin jiran nan ban yi barcin kirki ba, kuɗin shekaru na tafe a kan hanya cikin kwali. Da suka iso a gabana aka yanke salatif, muka gwada lambar da ke jikin kwali da ta jikin kaya, aka ƙara rubuta ta a rasit.

Haɗawar yini ɗaya ta ci, kuma na zauna kusa da yaron da ya yi ta, ban matsa ba. RAM sanda biyu ce ta GB 16, ya sa su a rami na biyu da na huɗu kamar yadda littafin madabod ya nuna, don su yi aiki a layi biyu. Ya shiga BIOS, wato shafin saitin madabod, ya kunna XMP, saitin da ke ba RAM cikakken gudunta, in ba haka ba RAM ɗin ba za ta yi gudun 3200 da aka rubuta a jikinta ba. Na tuna masa ya kunna sashen hoton firosesa, domin madabod da yawa suna kashe shi da zarar sun ga an sa katin hoto, sai ka biya kuɗin Quick Sync kuma ba ka amfana ba. Fawa-fak kuwa, wato akwatin da ke raba wuta a cikin injin, an fara miƙo mini wani mai rubutun wat 800 a jiki, na ɗaga shi da hannu ɗaya na ji shi sakayau kamar ba komai a ciki. Na mayar, na ɗauki mai wat 650 na sanannen kamfani mai tambarin 80 Plus Bronze, wanda ya ninka shi kuɗi da nauyi. Shi ke ba kowane kaya wuta, in ya ƙone yakan tafi da maƙwabtansa.

Sai batun ajiya, wanda shi ya fi cin lokacina da tunanina. SSD iri biyu ne a kasuwa. Na SATA, mai kama da ƙaramin akwati mai faɗi, iyakarsa wajen megabayit 550 a daƙiƙa. Na NVMe, siriri da ake kwantarwa a jikin madabod, yana kai 3,500 a mahaɗin PCIe 3.0, ya kusanci 7,000 a PCIe 4.0. Masu shago suna son tallata mai 7,000, amma wanda fayilinsa ke gudu a 12.5 ba zai ga bambancin 3,500 da 7,000 a wajen tacewa ba, gara ya sa rarar kuɗin a girma. Na sayi NVMe na GB 500 don Windows da manhajoji kawai, da wani na TB 2 don aikin da ke hannu da tarkacen manhaja. Abin da ba a rubutawa a kwali shi ne, SSD masu araha suna fara kwafi da gudu, in ɗan wurin da suka ware na sauri ya cika sai su faɗo ƙasa warwas, wani ma ya koma gudun had-dis. Gwajin minti ɗaya ba ya tona wannan. Sai da na kwafa fiye da GB 200 a jere ina kallon layin gudun kafin na yarda. Akwai kuma lambar TBW, wadda ke nuna yawan rubutun da kamfani ya lamunce, misali Samsung 970 EVO Plus na TB 1 an ba shi 600. Mai tace bidiyo yana rubutu da gogewa kullum, ya kamata ya duba ta.

Wajen had-dis ɗin sito ne filas ɗina ya yi rana. A wani shago aka kawo mini na TB 8 a cikin leda mai ƙyalli a rufe, aka ce sabo dal, farashinsa kuma ƙasa da na kowa. Na ce a jona mini shi. Na buɗe CrystalDiskInfo, wadda ke karanta bayanan da had-dis ke ajiyewa game da lafiyarsa, sai ga awannin da ya yi a kunne sun haura 20,000, wato fiye da shekara biyu dare da rana. Na juya allon na nuna wa mai shagon. Ya yi shiru, sannan ya ce shi ma haka aka kawo masa. Mai yiwuwa gaskiyarsa ce, ban tsaya jayayya ba. Ku sani kuma ana iya goge waɗannan awanni, don haka bayan wannan gwaji a sa lambar jikin had-dis a shafin garanti na kamfanin da ya ƙera shi, a ga ko ta dace. Wani abin dubawa shi ne ko CMR ne ko SMR. Na SMR yana jera layukan rubutu suna hawa kan juna don ya ɗauki kaya da yawa a araha, sai ya yi nauyi sosai in ana zuba masa manyan fayiloli a jere; na CMR kuwa ba ya hawa layuka kan juna. Ba kasafai ake rubuta wannan a kwali ba, lambar samfurin ake nema a intanet. Na samu CMR mai juyi 7200 a wani wuri, na biya ƙari. Da na jona shi Windows ta nuna TB 7.27 maimakon 8, kuma wannan ba cuta ba ce, kamfanoni da dubu suke lissafi, Windows da 1024, shi ya sa TB 1 ke fitowa GB 931.

Wani matashi a kasuwar ya matsa mini in yi RAID, wato haɗa had-dis biyu ko fiye su yi aiki kamar ɗaya. Ya ce in haɗa had-dis biyu a RAID 0 gudu zai ninka. Haka ne, amma fayil rabawa ake yi tsakanin biyun, ɗaya ya mutu komai ya tafi. RAID 1 yana rubuta abu ɗaya a duka biyun, yana ceto in ɗaya ya lalace, amma in ka goge folda bisa kuskure ta gogu a duka, in wuta ta yi tsalle duka suna cikin gida ɗaya, in ɓarawo ya shigo duka zai ɗauka. Ɗaurin aure ba a maimaita shi. Ba ka da bakin da za ka gaya wa uwar amarya cewa hoton ranar da ta sallami 'yarta ya ɓace. Saboda haka kuɗin RAID na sa shi a had-dis na waje mai TB 8, wanda ke kwana a gida, ba a shago ba. Ƙa'idar da masana ke kira 3-2-1 ke nan: kwafi uku, a na'ura iri biyu, ɗaya a wani wuri daban. Ɗora ɗanyen hoto a intanet ba zai yiwu mini ba, GB 675 da datar waya ba magana ba ce, amma fayil ɗin aikin Premiere ƙarami ne, shi nake turawa Google Drive duk dare.

Ajiya kaɗai ta cinye kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin, ga wuta ba a taɓa ba. Injin nan in yana fitar da aiki, da allo da komai, yana jan wajen wat 300 zuwa 350. Ƙananan UPS masu rubutun 650VA da ke cike da kasuwa ainihin ƙarfinsu bai kai wat 400 ba, VA daban wat daban, kuma yawancinsu wutar da suke bayarwa a batir ba mai santsi ba ce, fawa-fak na zamani yakan ƙi ta ya mutu daidai lokacin da aka ɗauke wuta. Na nemi mai 1500VA da aka rubuta masa pure sine wave, na sa sitabilaiza a gabansa saboda wutar unguwarmu takan zo ƙasa-ƙasa. Aikinsa ya ba ni mintunan da zan adana aiki in tayar da janareta, ba wai in ci gaba da tacewa a kansa ba. Zafi da ƙura su ma na yi musu tanadi. A bazara Kano tana haura digiri 40, NVMe kuwa in ya yi zafi da kansa yake rage gudu, don haka na tabbatar an ɗora masa ƙarfen sanyaya da ya zo da madabod. Na zaɓi gida mai raga a gaba da fanka uku, na ɗora shi a kan tebur maimakon ƙasa, ragar kuma a hunturu duk mako nake cire ta in kakkaɓe.

Allo ne ya samu ragowar kuɗi. Na haƙura da na 4K, na ɗauki IPS mai inci 27 da ke cika kalar sRGB, wadda ta yi kusa da Rec.709 da ake auna bidiyon HD da ita. Talabijin ba ta maye gurbinsa, tana ƙara wa kala armashi, sai ka gyara fatar amarya a kanta ka ga abin ya fito daban a waya.

Bikin farko da na tace a kansa, na dawo daga dina cikin dare na zuba memori a SSD ta hanyar TeraCopy, wadda ke gwada kwafi da asali ta tabbatar ba abin da ya ɓace, sannan na sake zubawa a had-dis ɗin sito kafin na kwanta. Ba na goge memori sai hoto ya zauna wuri biyu. Da safe na jera kyamara biyu da hoton sama, na danna, aiki ya tafi ba tsayawa. Na daɗe ina ja gaba ina ja baya don daɗi kawai, na yi hamdala. Fitar da awa ɗaya da ke kwana a da, kafin in idar da sallah in ci abinci ya gama. Ranar da aka kawo mini hoton wata kyamara mai nauyi ya ɗan cije, sai na sa manhaja ta yi masa kwafi marar nauyi na tace da shi, wajen fitarwa ta koma kan na asali. Wannan dabara kyauta ce, kuma mai tsohon inji ya gwada ta kafin ya ci bashi.

Wanda zai bi wannan hanya, ya fara da memorin kyamararsa da biro, ya san GB nawa aikinsa ɗaya ke ci, ya ware kuɗin ajiya da na wuta tun kafin ya ji farashin firosesa, domin in ya bar su a ƙarshe ba zai tarar da komai ba. Ya shiga kasuwa da hotonsa na gaske, kada ya yarda da bidiyon gwaji da ke cikin injin shago. Kada ya cika SSD maƙil, ya bar masa kamar kashi 20 cikin ɗari. Filas ɗin da zai ba masu biki ya gwada shi da H2testw saboda na jabu masu ƙaryar girma sun yi yawa, ya kuma tsara shi a exFAT, domin FAT32 ba ya karɓar fayil da ya kai GB 4, NTFS kuma Mac tana karantawa amma ba ta rubutu a kai.

Had-dis na TB 8 biki bakwai ko takwas yake ɗauka ya cika, ba kuma zan iya sayen sabo duk bayan 'yan watanni daga aljihuna ba. Don haka yanzu a takardar yarjejeniya nake rubuta wa masu biki cewa ɗanyen hoto wata shida zan riƙe shi bayan na miƙa aiki, tataccen kuwa ina ajiye shi. Wanda yake son ɗanyen ya kawo had-dis ɗinsa in zuba masa, ko in sa kuɗin a cikin ciniki tun farko.